Tambayi Kawu: An Haƙe Ƙofar Gidanmu, Ta Ina Za Mu Bi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan mako. Saƙonnin da suka shigo wannan karon mafi yawansu a kan abu ɗaya ne, aikin titi da gwata a cikin unguwannin Kaduna, daga Rigasa da Tudun Wada har Kawo da Kakuri kowa da irin nashi kukan. Na zaɓo waɗanda suka shafi mai tafiya a ƙasa don shi ne aka fi mantawa da shi in an shigo da katafila. Masu tambayar diyyar rusau ku yi haƙuri, taku sai an ware mata mako guda.

TAMBAYA

Salam Kawu ina wuni ya aiki. Dan Allah shawara nake nema, ana aikin titi a layinmu sun zo sun haƙe gwata tun daga farkon layi har ƙarshe dama da hagu, zurfinta ya kai ƙirjina wlh, wani wajen sun zuba kankare wani wajen kuma rodi ne kawai a tsaitsaye, toh yanzu duk gidan da za ka shiga sai dai ka bi ta kan katako ƙwaya ɗaya da samarin gida suka ɗora, ni da goyo nake tsallakawa gabana na faɗuwa, shekaranjiya 'yata mai shekara shida ta zame da safe za ta makaranta, Allah Ya tsare gwiwa kawai ta kurje amma da a kan rodin nan ta faɗa fa? ga tifa tana ribas a cikin yara daidai lokacin tashin Islamiyya. Na yi ma maigidan magana yace ci gaba ne a yi haƙuri kowa ma haka yake fama, kar mu je mu yi surutu su ji haushi su tafi su bar mana aikin a haka. Kawu da gaske in mun yi magana za su bari? kuma wa ma za mu yi ma maganar?

Maman Ilham, Rigasa

AMSA

Wa alaikumus salam Maman Ilham, a duba min 'yar tamu da jiki, Allah Ya ƙara tsarewa.

Maganar maigidanki akwai gaskiya a ciki, titi da gwata alheri ne, duk wanda ya san yadda wasu layukan Rigasa ke zama a watan Agusta ba zai ƙi aikin ba. Inda ban yarda da shi ba shi ne tsoron da yake yi. Ɗan kwangila ba ya tattara kayansa don mata sun nemi a sa musu abin tsallakawa, abin da ya fi tsayar da aiki kuɗi ne in ba a biya ba, sai kuma damina. Kuma ki riƙe wannan da kyau, hanyar da mai ƙafa zai bi lokacin da ake aiki tana cikin aikin ne, ba alfarma ba ce za su yi muku. A ƙa'idar aikin titi duk wanda ya haƙa rami a inda jama'a ke bi shi zai kewaye shi da shinge ko jan ƙyalle, ya sa alama, ya tanadi wurin tsallakawa na wucin gadi mai ƙarfi, ya tsayar da mai tuta a inda manyan motocinsa ke juyawa, ya riƙa yayyafa ruwa saboda ƙura. In ba a yi ba toh an rage wani abu ne daga aikin da aka karɓi kuɗinsa, kuma ku da ke zaune a layin ku ne kuke da bakin tambaya.

Wa za a yi wa magana? Ki sa maigidan ko wani saurayi ya je farkon aikin ya ɗauko hoton allon da ake kafawa, yawanci za a ga sunan wanda ya ba da aikin, da kamfanin da ke yi, da masu sa ido. Wannan allon shi zai gaya muku ƙofar da za ku ƙwanƙwasa, don ba duk titin da ke Kaduna ba ne na gwamnati ɗaya. Babbar hanya irin baifas ɗin Nnamdi Azikiwe ta tarayya ce, maganarta tana wajen Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya. Titunan jiha suna hannun hukumar KADRA. Akwai kuma ƙananan ayyukan da ƙaramar hukuma ke bayarwa, ku na Rigasa taku Igabi ce, kansilanku shi ne tsani. Mutane da yawa a nan suke shan wahala, su kai kuka inda ba a da hurumi a ce musu a dawo gobe.

Ku fara da foman ɗin da ke wurin, cikin mutunci, mai unguwa da liman da mutum biyu su same shi da safe kafin aiki ya kankama. Sau da yawa a nan ma ake gamawa don silab ɗin da za a ɗora a ƙofar gida ba wani abu ba ne a wajen mai injin kwaɓa kankare a gefensa. In ya ce ba shi da iko ku nemi injiniyan da ke sa ido a madadin gwamnati, shi ne wanda sai ya sa hannu ake biyan kamfani, don haka maganarsa tana da nauyi. Ku rubuta takarda, gajeriya, da sa hannun magidanta da hotuna, ku yi kofi biyu a buga muku hatimi a ɗaya ku dawo da ita gida. Kuma dan Allah kar a cika takardar da ƙorafin duniya, a faɗi abin da ake so a fili, misali wurin tsallakawa mai faɗi a gaban makaranta da masallaci da kuma bayan kowane 'yan gidaje, a lanƙwashe ko a rufe rodin da ke tsaye, tifa ta daina ribas ba mai duba mata baya musamman lokacin tashin yara. Abin da aka ƙayyade shi ake iya cewa an yi ko ba a yi ba.

Ke kuma kar ki ce ke mace ce ba ki da hanya. Malamin Islamiyya da hedimasta su ma abin ya dame su, ku iyaye mata ku haɗu ku same su, takardar da ta fito da sunan makaranta ta fi saurin shiga. Abu ɗaya da nake jaddadawa shi ne lokaci, a yi yanzu tun katafila na layin. In suka kwashe kaya suka koma wata unguwa, dawo da su don silab biyar sai an sha fama, ko da yake akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila na wani lokaci bayan gama aiki saboda gyara, wannan ma takardar nan mai hatimi ita za ta yi muku amfani.

Kafin nan ga na yau. Katako ɗaya ba gada ba ce. A samo biyu ko uku masu kauri a jera, a buga musu 'yan sanduna a gicciye da ƙusa don kar su rabu kuma ƙafa ta samu wurin kamawa in an yi ruwa, kowane ƙarshe ya hau kan ƙasa mai ƙarfi da kamar kamu ɗaya, don bakin rami yana zaizayewa a hankali ba a lura. Rodin nan kuma na ga wasu na kifa masa robar ruwa, eh yana sa a gan shi amma in mutum ya faɗa da nauyinsa robar ba ta tare komai, gara a ɗaure katako a kwance a samansu. Duk wanda rodi ko ƙusa ta soka a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu a tafi asibiti a yi maganar allurar tetanus, kar a tsaya shafa man birki ko toka.

Maganar tifa ita ta fi tayar min da hankali. Direban tifa yana sama, yaron da ke dab da bayansa ko dab da gabansa ko gefen damansa ba ya ganinsa sam, ko da direban mai hankali ne. Ki koya wa yaranki cewa in ba su ga fuskar direba a madubinsa ba toh shi ma bai gan su ba, su tsaya nesa har ta wuce, kuma ba ɗafe bayan mota, ba wasa a kan tulin yashi da aka juye. Yaron da bai kai shekara goma ba bai gama iya auna gudun mota ba, don haka 'yar shekara shida ba ta tafiya ita kaɗai a irin wannan layin, ku yi karɓa-karɓa da maƙwabta, yau babban gidan nan ya raka gobe na wancan. In kuma damina ta same ku gwatar na buɗe, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ya shafe bakinta ba a gane ina ne titi ina ne rami, a haƙura da makarantar har ruwan ya janye.

TAMBAYA

Malam Kawu barka da aiki. Ni dattijo ne na haura saba'in, jikana ke rubuta min wannan. Mu namu aikin an gama titi ya yi kyau an raba shi biyu da kankare a tsakiya mun gode Allah. Sai dai masallacin da nake salla shekara da shekaru yana tsallaken titi, da can da akwai ramuka a hankali motoci ke tafiya, yanzu kuwa gudu suke na fitar hankali, Asuba da Isha'i na daina zuwa. Samarin unguwa sunce za su haɗa kuɗi su sayi siminti su yi tudun rage gudu da kansu cikin dare. Doka ta yarda?

Alhaji, Tudun Wada

AMSA

Baba Alhaji, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Raina ya sosu da jin cewa titi ya raba ka da jam'i.

Abin da ka gani da yawa sun gani tun da aka ƙaddamar da shirin sabunta birane a 2019 zamanin Malam Nasiru El-Rufai, aka faɗaɗa tituna aka sake gina gadar Kawo wadda marigayi Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2022. Garin ya canza ba musu. Amma titi in ya yi santsi ya miƙe ƙafar direba ba ta barin totur, kuma mai ƙafa ne ke biyan kuɗin. Bari in nuna maka da lissafi Baba. Dokar hanya ta ce a cikin gari kar a wuce kilomita 50 a awa, mota mai wannan gudun tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Mai gudun 80 tana cin mita 22. Dattijo mai tafiya a natse yana buƙatar daƙiƙa bakwai ko fiye kafin ya ƙetare layi biyu na mota, kenan mota mai gudun 80 da ka hango can nesa da mita 150 tana iya cim maka kafin ka gama ƙetarewa. Ga shi da duhu fitila kawai ake gani, ba a gane saurinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi daga gudun 50 zuwa 65, shi ya sa take ba da shawarar 30 a inda mutane da motoci ke cakuɗa, kamar bakin makaranta da kasuwa. Ita ce kuma ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara a duniya, fiye da rabinsu masu ƙafa ne da masu keke da masu mashin.

Duk da haka samarin nan a hana su. Niyyarsu mai kyau ce amma ba wanda doka ta ba damar ya taɓa titin gwamnati da kansa, kuma tudun da aka yi cikin dare ba fenti ba alama, mai tsini, ɗan acaɓa ne zai fara cin karo da shi da Asuba da fasinja a baya, sai a tsare rai ɗaya a salwantar da wani. Tudun ƙa'ida yana da faɗi yana da gangare, da fenti da allon gargaɗi tun daga nesa. Kuɗin simintin su riƙe, kwamitin masallaci ya rubuta wa KADRA in titin na jiha ne, a ba KASTLEA kofi tunda su ke kula da dokar hanya a jiha, a nemi tudun da zanen tsallakawa da fitila a daidai wurin, da kuma 'yar kafa a jikin kankaren tsakiya yadda mutum zai tsaya ba sai ya ɗaga ƙafa ya haura ba.

Kafin a samu, 'yan agajin da ke tsare hanya ranar Juma'a su za a roƙa, mutum biyu da riga mai ƙyalli da tocila su tsaya minti goma kafin salla da bayanta, samarin da ke son yin aikin lada ga shi nan. Kai kuma Baba ka tsallaka a zango biyu, ka duba hagu ka isa tsakiya ka tsaya ka huta, sannan ka duba dama, amma kowane zango ka waiga ɗaya gefen ma saboda masu bin wan-we. Farar riga ta fi baƙa da dare, kuma jikan nan da ya iya rubutu ya riƙa riƙe maka hannu.

TAMBAYA

Kawu mun yi musu da abokina, layinmu an zube tsakuwa a gefe ba wajen tafiya sai kan titi, shi yace hannun dama ake bi kamar mota ni nace hagu, waye da gaskiya?

Abba, Hayin Banki

AMSA

Kai ne da gaskiya ɗana. Tun Afrilun 1972 motoci a Najeriya suka koma bin hannun dama, don haka mai ƙafa in ba wajen tafiya sai ya bi hagu ya fuskanci motar da ke tahowa, idonsa na kanta, in ta karkato ya kauce. Wanda ya ba mota baya ya miƙa ransa ga direban da bai sani ba ko waya yake latsawa. In kuna da yawa ku bi layi ɗaya kar ku jeru kafaɗa da kafaɗa kuna hira, in da yaro a hannunka shi ne a ciki kai ne a gefen titi. Abin kunnen nan kuma da kuke toshe kunne da shi a cire, a wajen aiki kunne ne ke fara gaya maka gireda na ja da baya.

TAMBAYA

Kawu ina gaisuwa, ni ƙosai da kunu nake saidawa da safe da shi nake riƙe marayu huɗu. Tunda aka zuba jar ƙasa a titinmu ƙura ta hana mu sakat, ƙosai kafin ya huce ya yi ja, masu saye sun gudu, ƙaramin ɗana mai asma kullum cikin tari, tankar ruwan sai ta yi kwanaki ba ta zo ba. Na matsa da kaskona can gaba inda aka gama na zauna a kan daɓen da aka yi a gefen titi sai wasu jami'ai suka ce in tashi. Toh ina zan sa kaina? wasu maƙwabta kuma sun ce a zuba baƙin mai ƙurar za ta kwanta.

Inna mai ƙosai, Unguwar Mu'azu

AMSA

Inna sannu da ƙoƙari, Allah Ya raya marayun nan Ya ba ki ladan riƙonsu.

Yayyafa ruwa haƙƙinku ne a kan masu aikin kamar yadda na gaya wa Maman Ilham, kuma da rani sau ɗaya a yini ba ya isa don kafin azahar ya bushe, ku sa shi a takardarku ku ambaci safe da yamma. Baƙin mai kuwa a'a, guba ne, ruwan sama zai wanke shi ya shiga rijiyoyinku, ga santsi ga masu mashin. Yaron nan shi ne abin dubawa da farko, ki ɗauke shi daga ɗakin da ke kallon titi, a rufe tagar wannan ɓangaren da rana a rataya jiƙaƙƙen labule, a yayyafa ruwa kafin shara, ya sa takunkumi in zai fita, abin shaƙarsa kuma kar ya rabu da aljihunsa har makaranta. In kika ga numfashi na sama-sama yana kasa gama magana, ko abin shaƙar bai yi aiki ba, asibiti kai tsaye ba kemis ba.

Maganar daɓen nan zan gaya miki gaskiya ko ba daɗi. An yi shi ne don masu tafiya, duk teburin da ya hau kai, naki ko na mai shayi ko na mai kanti da ya fito da buhunansa ko mai mota da ya faka a kai, yaro ɗan makaranta yake turawa cikin titi. Ga kasko da tafasasshen mai a inda mutane ke gogayya. Na san ba son ranki ba ne, neman halak ne ya kai ki, shi ya sa nake ganin mai unguwa ya kamata ya shiga ciki ya nema wa masu ƙananan sana'a wuri a lungun da ba a aiki, ko wani mai zaure ya ara miki na 'yan watannin nan. Ki samu 'yar akwatin gilashi ko roba mai murfi, mai saye in ya ga abinci a rufe zai dawo. Kuma leburorin aikin nan su ma ciki gare su, tun bakwai suna wurin, ki aika babban yaronki da kular ƙosai ya zagaya musu, sai dai bashi kar ya yi yawa don in aiki ya matsa gaba su ma sun matsa.

TAMBAYA

Kawu ni da keken guragu nake yawo, ina gyaran waya a bakin kasuwa. Ana gina gwata a layinmu an ɗaga bakinta sama da taƙi ɗaya, sati uku kenan sai ƙannena sun ɗauke ni da keken sun tsallakar, ranar da ba sa nan ba ni ba fita. Abin da nake tsoro kar a gama a bar shi haka har abada.

Ɗan'uwanku daga Kakuri

AMSA

Ɗan'uwa tsoronka a kan hanya yake, kuma doka na bayanka. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ambaci gefen titi da wuraren tsallakawa a cikin abubuwan da dole a yi su yadda mai keke da makaho za su iya bi, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara tsofaffi, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Toh wanda ake ginawa sabo yau ba shi da uzuri ko kaɗan.

Ka je wa injiniyan da magana a auna, kar ka ce a taimaka kawai. Gangaren da keke ke hawa ba wahala shi ne duk tsayin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12, wato bakin da ya kai santimita 20 yana son gangare mai kusan mita biyu da rabi, abin da ya gaza haka sosai sai an tura ka kuma yana iya kifar da kai ta baya. Silab ɗin ƙofarka a haɗe shi ba tazarar da ƙaramar taya za ta faɗa. A faɗa musu kafin su zuba kankare, don bayan ya bushe fasawa ne kuma ba mai son fasa aikinsa. Kar ka je kai kaɗai, ka tafi da shugabannin ƙungiyarku ta masu buƙata ta musamman, ka kuma jawo mai kurar ruwa da mai baro da masu tsofaffi a gida don gangaren nan su ma nasu ne. In an yi biris da ku akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da aka kafa tun 1975, tana da ofis a Kaduna kuma ba a biyan ko kwabo.

TAMBAYA

Kawu mu ma a ji namu, ni ɗan keke napep ne. An rufe babban titi an juyo da mu cikin lunguna, ga yara ga awaki ga masu talla, fasinja na ma ihu ka yi sauri, ga balas na jiranka da yamma. Satin da ya wuce wani abokin aikinmu ya buge yaro a irin wannan lungun, kafin kace me an taru a kansa da duka, yaron kuma wannan ya ja hannu wannan ya ɗaga kai wata na ɗura mai ruwa. Wlh tun ranar jikina a sanyaye yake. In Allah Ya kawo tsautsayi me ya kamata mutum ya yi?

Sani mai keke, Kawo

AMSA

Malam Sani na gode da ka rubuto, kuma yadda abin ya dame ka ya nuna kai mai tausayi ne. Allah Ya ba yaron lafiya.

Lungu gidan mutane ne aka ara muku, yaran da ke ciki sun saba da wasa a ƙofar gida ba su san an mayar da layinsu babbar hanya ba, don haka nauyin yana kanku. Gudun da za ka iya tsayawa nan take shi ne gudun lungu, hon ba ya maye gurbin birki, kuma duk inda ka ga ƙwallo ta gangaro ko mota a fake ka ɗauka akwai yaro a baya. Fasinjan da ke maka ihu in abu ya faru sauka zai yi ya hau wani keken, kai za a riƙe.

In tsautsayi ya faɗa, abin da aka yi wa yaron nan shi ne ba a so. Wanda aka buge ba a fizgarsa ba a ɗaga kansa ba a zaunar da shi, don in wuya ko gadon baya ya taɓu jan nan ne ke jawo shanyewar jiki. Ba a ba shi ruwa ko abinci, zai iya shaƙewa kuma wataƙila a yi masa tiyata. Mutum ɗaya ya tare hanya, ɗaya ya riƙe kan a miƙe daidai da jiki, inda jini ke zuba a danne da tsabtataccen ƙyalle a ci gaba da dannewa. A kira 122 na hukumar kiyaye haɗurra FRSC ko 112. In ba makawa sai an ɗauka da kai, a shimfiɗe shi a kan faffaɗan katako ko ƙyaure mutum uku ko huɗu su ɗaga tare, a nemi motar da zai kwanta a miƙe, ba a naɗe shi a bayan mashin ba. A asibiti kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili. Ko yaro ya tashi ya ce ba komai a kai shi a duba, in daga baya ya fara amai ko barci mai nauyi ko ruɗewa a koma da gudu.

Kai direba kar ka gudu ka ɓace. In ka ga taron zai hallaka ka, ka nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa ka kai kanka ka faɗi inda abin ya faru. Masu dukan kuma su sani laifi ne a doka, kuma duk mintin da aka ɓata a kan direba daga na yaron aka cira. Ka tabbata inshorar kekenka ta gaske ce daga kamfani mai lasisi ba takardar bakin titi ba, don irin wannan ranar aka wajabta ta.

Sannan ku gaya wa ciyaman ɗin tasharku ya zauna da masu unguwannin da aka juyo da ku, a tsara wane lungu ne na shiga wane ne na fita har a buɗe titin, a kuma ajiye mutum ɗaya daga ƙungiya a bakin kowace makaranta lokacin tashi, da rana da kuma bayan la'asar.